Nakasar da ake haihuwar jariri da ita: tambayoyi da amsoshi

Idan mace ta sauka, daga bakin ƙofa ake fara tambaya: "Me aka samu?" Sai a bi da "Lafiya dai ko?" Yawanci amsar lafiya lau ce. Amma ba kullum ba. Gidan da abin ya faɗa wa kuwa sau da yawa shiru suke yi, a lulluɓe jariri da zane, a ce wa 'yan barka barci yake yi. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda iyaye da kakanni ke yi ne a wurin awo da ɗakin jarirai, wasunsu ma sai an keɓe ake iya furta su.

Me ake nufi da nakasar haihuwa?

Duk wata tawaya da ta samu halittar yaro tun yana ciki. Akwai ta sura, wadda wata gaɓa ba ta haɗu daidai ba: tsagaggen leɓe, murɗaɗɗiyar ƙafa, huji a zuciya, buɗaɗɗen ƙashin baya. Akwai kuma ta aiki, wadda gaɓoɓi cikakku ne amma jini ko ji ko ƙwaƙwalwa ba sa yin abin da ya kamata, kamar sikila da kurumta. Wata ana ganinta tun kafin a yanke cibiya. Wata sai yaro ya yi watanni. Akwai ma masu ƙaramin huji a zuciya da ba a ganowa sai sun girma sun yi iyali.

Mafi yawan gaɓoɓin ɗan Adam tsakanin mako na 3 da na 8 bayan shigar ciki suke samuwa. A wannan lokacin mace tana lissafin ɓatan wata ne kawai, ba ta ma faɗa wa kowa ba, balle ta je awo. A riƙe wannan, domin zai dawo a amsoshi da yawa.

Abin yana da yawa ne, ko sai jefi-jefi?

Ya fi yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen jarirai 6 cikin 100 a duniya ana haihuwar su da wata lalura irin wannan, kusan miliyan 8 ke nan a shekara. A Amurka, inda ake rubuta kusan kowace haihuwa, jariri 1 ne cikin 33. Bambancin lissafin ya danganta da abin da aka ƙidaya, domin wasu suna sa cututtukan jini na gado a ciki, wasu kuma nakasar sura kawai suke ƙirgawa.

Hukumar ta ce jarirai wajen 240,000 ne ke rasuwa kowace shekara kafin su cika kwana 28 saboda haka, wasu 170,000 kuma tsakanin wata 1 da shekara 5. Tara cikin goma na yaran da ake haifa da nakasa mai tsanani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Dalilin a fili yake: a nan aka fi haihuwa, abinci mai gina jiki bai wadata ba, cututtuka masu kama mai ciki sun fi yawa, kuma mata suna haihuwa har su haura arba'in.

A wajenmu kuma ido ba ya ganin adadin na gaskiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai ma kusa kai haka ba. Jaririn da aka haifa a ɗaka da toshewar hanji, ya koma kafin suna, ba ya shiga littafin kowa. Sai a ce bai zo da kwana ba.

Waɗanne iri ne suka fi yawa?

A nakasar sura, zuciya ce a gaba: kusan jariri 1 cikin 100. Tsagewar leɓe ko ta ganɗa, wato rufin baki, wajen 1 cikin 700. Murɗaɗɗiyar ƙafa wajen 1 cikin 1,000. Lalurar Down, mai sa jinkirin girma da koyo, tsakanin 1 cikin 700 da 1 cikin 1,000. Nakasar laka da ƙwaƙwalwa tana shafar jarirai kusan 300,000 a duniya duk shekara. A 'ya'ya maza, 1 cikin 200 zuwa 300 yana zuwa da ƙofar fitsari a ƙarƙashin gaba maimakon a kan tsini. Rashin ƙofar dubura wajen 1 cikin 5,000 ne.

Akwai waɗanda suka fi yawa a baƙar fata kuma ba su da haɗari. Shidaniya tana cikinsu, kowa ya san wani Cindo a unguwarsu. In tsoka ce kawai ke reto, cire ta ba wuya, amma a bari ma'aikacin lafiya ya duba ko da ƙashi a ciki kafin a kai ga ɗaure ta da zare. Ƙaton cibi shi ma yawanci da kansa yake komawa kafin shekara 4 ko 5, ɗaura masa kwabo ba ya ƙara komai. Zabiya kuwa, a Afirka kudu da Sahara ana samun 1 cikin 5,000 zuwa 15,000. Lafiyarsu ƙalau, abin da suke buƙata kariya daga rana da kula da ido, sai kuma mutane su kama bakinsu.

Idan aka sa cututtukan jini a lissafi, a ƙasar Hausa sikila ta shiga gaban dukkansu.

To sikila ma nakasar haihuwa ce?

Ita ce ma babbar. Ba a kamuwa da ita, da ita ake zuwa. A Najeriya wajen mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya amma ba ta nunawa a jikinsa, kuma ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a shekara, wato kamar 2 cikin kowane 100. Babu ƙasar da ta kai haka a duniya. Jamhuriyar Nijar ma masu AS suna da yawa ƙwarai.

In miji AS ne mata AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo SS, wato mai sikila. Nan mutane ke ruɗewa. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne zai zama mai sikila ba. Kowane ciki lissafinsa daban, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Akwai gidan da 'ya'ya biyar suka tsira duka, akwai gidan da uku a jere suka zo da ita.

Jariri mai sikila ba ya nuna komai da farko, saboda jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata 5 ko 6 a fara ganin kumburin bayan hannu da ƙafa, da kuka ba dalili, da ɗashewa. In an gano da wuri aka sa shi a kan fenisilin, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da cikakken rigakafi, rayuwarsa takan bambanta da ta wanda aka yi ta kai wa masu maganin amosani.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif, wanda ke nuna ko mutum AS ne ko SS. Doka ce mai kyau, sai dai gwajin da aka yi bayan an kai lefe an buga kati ya zo a makare. Lokacinsa tun ana gaisawa ne, kafin manya su shiga maganar. Kuma a yi shi a wurin da aka yarda da aikinsa, in da hali a maimaita a wani wurin, domin sakamakon kuskure ba baƙon abu ba ne.

Surukata ta ce laifina ne, wai na riƙa fita da almuru ina da ciki. Haka ne?

A'a, 'yar'uwa, ba haka ba ne. Fita da almuru, ko da rana tsaka, ko ganin husufin wata, ko tsallake wani abu a hanya, ko dariyar da kika taɓa yi wa wani, babu ɗaya da ke tsaga leɓen jariri. Leɓe yana haɗewa ne kafin ciki ya cika wata biyu, tun ba ki fara jin motsi ba.

Kusan rabin nakasar haihuwa ba a iya danganta ta da wani sanadi guda, ko a manyan asibitocin duniya. A sauran rabin, sanadin yakan kasance gado daga ɓangarorin biyu, ko kuskure wajen rabuwar ƙwayoyin halitta a daidai shigar ciki, ko ƙarancin wani sinadari a abinci, ko cutar da ta kama uwa, ko wani magani. Lura da maganar gado: rabi daga uba yake. Mijin da ya saki mace don ta haifi mai sikila ya tafi da nasa AS ɗin gidan amarya.

Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Amma wanda ya ƙaddara cuta shi ya saukar da magani, kuma yarda da ƙaddara bai taɓa zama hujjar ɗora wa mai jego laifi ba.

An haifi yaro da ƙari a gadon baya, yana tsatsar ruwa. Mene ne wannan?

Wannan buɗewar ƙashin baya ce. Laka da ƙwaƙwalwa suna farawa ne a matsayin wani siririn bututu da ke rufewa kafin kwana 28 da shigar ciki. In bai rufe ta ƙasa ba, laka takan leƙo waje cikin wata jaka. In ta sama ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa ba ta samuwa yadda ya kamata, kuma irin wannan jaririn ba ya rayuwa.

Abin yi nan take: a kwantar da shi rubda ciki ko ta gefe, a rufe wurin da abu mai tsabta, kada a shafa komai, kada a matsa, kada a bari wanzami ya tsaga. A nufi babban asibiti a ranar. An fi son a rufe wurin cikin kwana biyu zuwa uku, don ƙwayoyin cuta kada su bi ta nan su haura ƙwaƙwalwa. Yawancin waɗannan yaran suna kuma samun taruwar ruwa a kai: kai ya riƙa girma fiye da ƙima, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Ana sa siririn roba daga kai zuwa ciki don ruwan ya samu hanya. Asibitocin koyarwa kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

Abin takaicin shi ne wannan tana cikin nakasar da aka fi iya karewa, kuma da abu mai araha. Wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a Ingila a 1991 ya nuna folik asid, wani nau'in bitamin, yana rage ta da wajen kashi 70 cikin 100. Amurka ta wajabta zuba shi a garin fulawa da hatsi daga 1998, adadin ya sauka. Abin da ake so kowace mace mai iya ɗaukar ciki ta samu shi ne maikirogiram 400 a kullum.

Matsalarmu lokaci ce. Ita wannan ƙaramar ƙwaya ruwan ɗorawa da ake bayarwa a wurin awo, mace takan fara shan ta ne ciki yana wata huɗu ko biyar. Tana da amfani ga jini a lokacin, amma bututun ya riga ya rufe ko ya ƙi rufewa tun watanni da suka wuce. Kamata ya yi amarya ta fara sha tun kafin ta tare, mai shayarwa kuma ta ci gaba, tunda ciki ba ya sallama. Zogale, alayyahu, wake, gyaɗa da hanta suna da shi, amma dogon dahuwa yana kashe shi, don haka abinci kaɗai ba ya isa a dogara da shi.

Yaya ake gane ciwon zuciya a jariri?

Wajen shan nono. Zai kama ya ɗan tsotsa, ya saki yana haki, goshinsa ya yi gumi, ya sake kamawa. Ba ya ƙara nauyi, numfashinsa da sauri, ciwon ƙirji ba ya barinsa. Wani kuma leɓensa da harshensa da faratansa sukan yi shuɗi-shuɗi ko su yi duhu, musamman in yana kuka. Wanda ya fara tafiya za a ga yana yawan tsugunawa in ya ɗan yi wasa.

Jin cewa akwai huji a zuciya yana tayar da hankali, amma ba duka ne masu haɗari ba. Ƙananan huji tsakanin ɗakunan zuciya da yawa da kansu suke toshewa a shekarun farko. Wajen 1 cikin 4 ne masu tsananin da ke buƙatar aiki kafin yaro ya shekara. Hoton zuciya ne ke rarrabewa. Aikin zuciya yana da tsada kuma wuraren yin sa kaɗan ne, wannan ba a ɓoye yake ba, amma akwai magungunan da ke riƙe yaro kafin a samu hali.

Auren zumunci ne ke kawo wannan? Mu 'ya'yan wa da ƙani ne.

Yana ƙara yiwuwar, bai wajabta ta ba. Ga ma'auratan da ba su haɗa jini ba, haɗarin nakasa mai tsanani wajen 2 zuwa 3 ne cikin 100. Ga 'ya'yan wa da ƙani ko 'ya'yan 'ya da ƙanwa yakan ninka, ya kai wajen 5 zuwa 6. Ka ga ke nan fiye da 90 cikin 100 lafiya ƙalau suke zuwa.

Yadda abin yake, kowannenmu yana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado masu tawaya da ba sa nunawa, saboda takwarorinsu na ɗaya ɓangaren lafiyayyu ne. Waɗanda suka haɗa kaka sun fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya. Inda abin ya fi nauyi shi ne zuriyar da aka yi ta auren gida kaka da kakanni. In a danginku akwai kurame da yawa, ko yara suna rasuwa da ciwo iri ɗaya, ku faɗa wa likita gaskiyar lamarin kafin a ƙulla wani auren. Ba zubar da zumunci ba ne.

Waɗanne magunguna da cututtuka ne mai ciki za ta kiyaya?

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 an riƙa ba masu ciki wani magani, talidomaid, don laulayi da rashin barci. Fiye da jarirai 10,000 aka haifa da guntayen hannuwa da ƙafafu, da yawansu a Jamus. Tun daga nan aka tsaurara gwajin magunguna.

A yau wanda ya fi shafar mu shi ne maganin farfaɗiya mai suna balfuro'et: wajen 1 cikin 10 na jariran da uwa ke shan sa suna zuwa da nakasa. Amma kada mai farfaɗiya ta yanke magani da kanta, faɗuwa da ciki ma haɗari ce. Ta je a canza mata tun kafin cikin ya shiga. Haka wasu magungunan hawan jini, da na tsinka jini, da wani mai ƙarfi na ƙurajen fuska. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in kin ga ɓatan wata, ki faɗa kafin a rubuta miki magani ko mai kyamis ya haɗa miki. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ma a jingine su a watanni ukun farko. Giya da taba da shisha ba su da wani adadi da aka ce ba komai.

Cikin cututtuka, rubela ta fi yaudara. A jikin uwa ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje na kwana uku, kamar ƙyanda mai sauƙi. In ta kama ta a makonnin farko, har 9 cikin 10 na jarirai sukan shafu: yanar ido, kurumta, ciwon zuciya. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ya fara lura da haka a 1941. Rigakafinta ana haɗa shi da na ƙyanda, kuma Najeriya ta fara ba yara wannan haɗin a 2025. Tunjere kuma gwajinsa yana cikin gwaje-gwajen awo, allurar fenisilin ke maganinsa. Mai ciwon suga, in sugan ya hau a farkon ciki, haɗarin yakan ninka sau biyu ko fiye, don haka a daidaita shi kafin ciki. Gishiri kuwa a sayi mai aidin, domin rashinsa ba maƙoƙo kawai yake kawowa ba, yana dakushe ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Shekaruna 41, ina da ciki. In damu?

Ki je awo da wuri, wannan ya fi damuwa amfani. Abin da ke ƙaruwa da shekaru shi ne lalurar Down, inda yaro ke zuwa da kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, 47 maimakon 46. A shekara 25 wajen 1 ne cikin 1,200, a 35 wajen 1 cikin 350, a 40 wajen 1 cikin 100, a 45 wajen 1 cikin 30. A shekarunki, Hajiya, kusan 99 cikin 100 ba sa zuwa da ita.

Yaron da ya zo da ita jikinsa yakan yi laushi, ya yi jinkirin zama da tafiya da magana, kuma kusan rabinsu suna da matsalar zuciya, shi ya sa ake so a yi musu hoto tun da wuri. Suna koyo, suna zuwa makaranta, suna sana'a. A ƙasashen da ake kula da su yanzu suna kai wa shekara 60.

Sikanin yana nuna komai?

Ba ya nuna komai. Wanda ake yi don duba gaɓoɓi tsakanin mako na 18 da na 22 ake yin sa, kuma yana buƙatar ƙwararre da na'ura mai kyau da natsuwa. Yana kama ruwa a kai, da buɗewar baya, da hanji a waje, da manyan matsalolin zuciya da ƙoda. Ba ya ganin kurumta ko sikila. Sikanin na minti biyu da ake shiga don a ji mace ce ko namiji ba shi ake nufi ba. Amfanin sani kafin haihuwa shi ne a shirya inda za a haihu, kada a haifi mai buƙatar tiyata a ƙauyen da mota sai ranar kasuwa.

Me ya kamata ungozoma da kaka su duba kafin ranar suna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ceton rai. A tuɓe jariri tsaf a wuri mai haske, a dube shi daga kai har tafin ƙafa, har da baya da tsakanin cinyoyi.

A tabbatar akwai ƙofar dubura, kuma ya yi baƙin kashin farko cikin kwana ɗaya, in ya daɗe biyu. In bai yi ba, ciki yana kumbura, ko yana amai kore, hanji ne ya toshe, kuma awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba. In yawu mai kumfa yana ta fito masa, da an ba shi nono ya ƙware ya yi shuɗi, a dakatar da ba shi komai ta baki, mai yiwuwa hanyar abinci ba ta haɗe da ciki ba. In hanji ne a waje ta gefen cibiya, a rufe da leda mai tsabta, a lulluɓe shi don ɗumi, a tafi. A sa yatsa mai tsabta a taɓa ganɗa, domin tana iya tsagewa leɓe yana lafiya, alamarta nono ya riƙa fitowa ta hanci. A dubi ƙwayar ido: fari a tsakiya ba abin jira ba ne. A namiji a taɓa maraina a ji duka biyun sun sauko. In ƙofar fitsari ba a kan tsini take ba, kada a yi kaciya, da wannan fatar likita zai yi gyara.

Sai shawara. In ido ko jiki ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauko har ciki da ƙafafu, asibiti za a je, shanya shi a hantsi ba ya isa. Kusan namiji 1 cikin 6 a Najeriya yana da wata tawayar jini ta gado da ke sa jini ya farfashe in ya haɗu da wasu abubuwa, kuma kafur ɗin da ake zubawa cikin akwatin kayan jarirai yana cikinsu. Lalle ma a jikin jariri yana iya tayar da ita.

Jaririn da ya cika barci, ba ya kuka, ba ya kashi sosai, harshensa babba, shawara ta ƙi tafiya, kada a yabe shi da haƙuri. A gwada sinadarin maƙogwaronsa. Ana samun wannan a 1 cikin 2,000 zuwa 4,000, kuma ƙwaya ɗaya a kullum, in an fara a makonnin farko, tana tsare masa ƙwaƙwalwa.

Leɓe da ƙafa suna gyaruwa kuwa?

Ƙwarai. Leɓe ana ɗinke shi yaro yana wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 da 18, kafin magana ta zauna. Abin da ke kashe irin waɗannan yaran yunwa ce, ba tsagar ba. A riƙa ba shi nono a zaune, in ya kasa kamawa a tatsa a ba shi da cokali ko kofi. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitoci da dama a Najeriya, asibitin yara na CURE a Yamai kuma yana yin na leɓe da na ƙafa.

Murɗaɗɗiyar ƙafa yawanci ba ta ma buƙatar babbar tiyata. Akwai hanyar da likita Ignacio Ponseti ya fito da ita a Amurka: kowane mako a ɗan miƙar da ƙafar a ɗaure da filasta, sau biyar ko shida, a ɗan tsaga jijiyar dunduniya, sannan a sa takalmi mai sanda. Fiye da 9 cikin 10 suna miƙewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara a makonnin farko. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana cikin masu yi. Inda iyaye ke faɗuwa shi ne takalmin: wata uku dare da rana, daga nan da dare kawai har shekara 4 ko 5. Da an ga ƙafa ta miƙe sai a jefa shi ƙarƙashin gado, ƙafar kuwa ta koma.

Yaron da ba ya riƙe wuya, ba ya zama, ana cewa ɗan ruwa ne. Shi ma da haka aka halicce shi?

Sau da yawa a'a. Yawancin waɗannan yaran halittarsu cikakkiya ce, ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni wajen haihuwa ko jim kaɗan bayanta: doguwar naƙuda har ya fito bai yi kuka ba, shawara mai tsanani, sanƙarau, ko zuwa bakwaini. Babu wanda ya musanya shi. Ɗanku ne, yana jin yunwa, yana gane muryar uwarsa. Gashin ƙashi da aka fara da wuri, da maganin jijjiga in yana yi, da koya wa uwa yadda za ta zaunar da shi ta ciyar da shi, suna canza abubuwa da yawa. Kai shi bakin kogi ko daji a ajiye kisan kai ne, ko da wane suna aka kira shi.

Mun haifi ɗaya da nakasa. Na gaba ma haka zai zo?

Ya danganta da irinta, shi ya sa yake da muhimmanci a san sunan lalurar a rubuce, a adana takardun asibiti ko da yaron ya rasu. In sikila ce ko wata cutar gado irinta, 1 cikin 4 ne a kowane ciki. In zuciya ce ko leɓe ko ƙafa, yawanci bai wuce 2 zuwa 5 cikin 100 ba. In rubela ce ta jawo, ba ta maimaitawa, uwa ta riga ta samu kariya. In magani ne ko suga, gyara su kafin ciki yana sauko da haɗarin.

In buɗewar baya ce, yiwuwar maimaituwa wajen 3 zuwa 4 ce cikin 100, kuma a nan adadin folik asid na kowa da kowa bai isa ba. Ana ba irin wannan uwar miligiram 4 zuwa 5 a kullum, ta fara aƙalla wata guda kafin ciki, ta ci gaba har ya cika wata uku. Wannan yana nufin miji da mata su zauna su tsara lokacin da suke son cikin, su ga likita tare, sannan a yi sikanin na gaɓoɓi a mako na 18 zuwa 22.